Diski ya shiga rami, katmer ba ta gan shi ba

Ɗana, na ga tambayar da ka rubuta mini a littafin shago jiya da yamma, bayan na fita sallar la'asar ban samu dawowa ba. Ka ce wani ɗalibi ya kawo laftof ɗinsa tare da sabon diskin ajiyar bayanai, wato SSD, irin siririn nan na M.2 wanda ya saya da kansa a kasuwa, ka sa shi a raminsa ya zauna daram, ka ɗaure ƙusarsa, amma da ka kunna ka shiga BIOS, shafin saitin da ke nuna kayan da injin ya gani, babu shi babu alamarsa. Sai ka rufe da cewa: "Maigida, tunda ya shiga ai ya kamata ya yi aiki. Diskin ne matacce ko katmer ɗin ce ta lalace?" Da wata tambaya ce daban da na bari sai mun haɗu in ba ka amsa a tsaye, amma wannan magana taka ta "tunda ya shiga" ita ce ta raba ni da babur ɗina shekara goma sha ɗaya da suka wuce, kuma har yau in na tuna sai in ji raina ya ɓaci kamar jiya abin ya faru. Saboda haka na zauna na rubuta, ka karanta, ka ba sauran yaran su ma su karanta.

Na duba kayan da safen nan kafin ka iso. Diskin lafiyarsa lau, katmer ɗin ma, wato babban allon da duk kayan kwamfuta suke haɗuwa a kansa, lafiyarta lau. Da ka juya diskin ka dubi haƙoransa da ka ga giɓi biyu, da kuma ka karanta takardar da aka manna masa da ka ga an rubuta SATA ɓaro-ɓaro. Da ka sunkuya ka dubi jikin katmer ɗin kusa da ramin da ka ga ɗan rubutu fari da ke cewa PCIe. Ramin nan ba a ja masa layin SATA ba tun daga masana'anta, yaren NVMe da ke bi ta layin PCIe kaɗai yake ji, shi kuwa diskin yaren SATA kaɗai ya iya. Kamar ka kawo baƙo daga Kusseri wanda ba ya jin komai sai Larabcin Shuwa, ka zaunar da shi gaban dattijon da ba ya jin komai sai Fulatanci: ƙofa ta karɓe shi, tabarma ta karɓe shi, amma magana ba za ta yiwu ba. Duk wannan binciken bai ɗauke ni minti biyu ba, kai kuwa na ga alama ka ɓata yini guda kana cirewa kana mayarwa.

M.2 sunan rami ne da siffar allo, ba sunan yaren da diski yake yi ba. Ta cikin wannan rami guda ana iya biyo da SATA, ana iya biyo da PCIe wanda NVMe yake hawa, kuma mai ƙera katmer shi yake zaɓar abin da zai ja: wani ya ja duka biyun, wani ya ja ɗaya kawai don rage kuɗi. Giɓin da ake kira B yana barin haƙora 6 a gefensa, wanda ake kira M yana barin 5. Yawancin diskin SATA na M.2 suna zuwa da giɓi biyu, shi ya sa suke shiga kusan kowane rami ko da ramin ba zai yi aiki da su ba, yawancin na NVMe kuma giɓi ɗaya gare su na M. Na ce yawanci, domin akwai ƙananan NVMe masu layi biyu da su ma suke zuwa da giɓi biyu, don haka giɓi ishara ce kawai, hukunci yana ga rubutun jikin diski da littafin katmer. Bambancin gudu kuwa ba ƙarami ba ne: SATA ta ƙarshe ba ta wuce kamar megabayit 550 a daƙiƙa a aikace, NVMe mai layi huɗu a kan PCIe na uku yana kai wa 3,500, a kan na huɗu kuma ya doshi 7,000. Lambobin nan da kake gani, 2242 da 2260 da 2280, awo ne: faɗi milimita 22, tsawo 42 ko 60 ko 80, kuma sai ka duba inda mazaunin ƙusa yake kafin ka aiki mutum kasuwa. Batun cire batir kafin ka taɓa ciki, da taɓa ƙarfe don sauke wutar jikinka, ba zan ɓata tawada a kansu ba, wanda bai san wannan ba bai kamata a ba shi sukurudireba ba.

To, ga abin da ya same ni. A lokacin shagona yana can layin baya na babbar kasuwar Garwa, ɗaki ɗaya da benci ɗaya, kuma sunana ya fara fita domin mutane daga Pitowa da Gidar suna kawo mini aiki. Wani ɗan kasuwa, wanda ba zan ambaci sunansa ba domin yana nan da ransa kuma muna haɗuwa a jana'iza, ya zo mini da kwamfutocin tebur guda 12 na hannu da ya sayo, yana so ya buɗe wurin buga takardu da shiga intanet. Kwamfutocin sun zo babu diski ko ɗaya a cikinsu, kamar yadda aka saba in kamfanonin Turai suka zubar da kaya, sai su cire diski saboda sirrinsu. Muka yi ciniki a kan in wanke su, in ƙara musu RAM, wato memori, in sa musu diski, in ɗora Windows, in haɗa su da juna. Ana cikin magana sai ya ce kada in wahalar da kaina neman diski a nan, ƙanensa a Duwala yana da kwali guda na wani kamfani da ya rufe, masu kyau, masu gigabayit 300, kowane ɗaya sefa 18,000. Ya ce in biya daga aljihuna tukuna, ranar da zan miƙa masa aiki sai ya haɗa ya ba ni gaba ɗaya har da riba a kai.

Na kira ƙanen a waya a gabansa, na tambaye shi, "SATA ne?" Ya ce SATA ne mana, har ya turo mini hoto. Hoton daga sama aka ɗauke shi, diskin a jere cikin kwali, takardunsu ba sa karantuwa, bakinsu kuma ba ya fitowa ko kaɗan. A nan ne na yi kuskuren da ba na yafe wa kaina. Na ji an ce gigabayit 300, kuma na sani sarai cewa diskin kwamfutar tebur na zamanin 250 ne da 320 da 500, masu juyi 5,400 ko 7,200 a minti, su kuwa 73 da 146 da 300 da 600 awon diskin manyan kwamfutocin kamfanoni ne da ake kira saba, masu juyi 10,000 ko 15,000. Zuciyata ta ɗan tsaya a kan lambar, amma araha ta rufe mini ido, ga kuma kunyar kada in nuna wa babban mutum ban yarda da ƙanensa ba. Na aika sefa 216,000, na ƙara 15,000 na ɗauko kaya, kuɗin da na shekara ina tarawa don in faɗaɗa shago.

Kwalin ya biyo jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, daga can aka ɗora shi a mota zuwa Garwa, ya iso ranar da nake Gidar wajen ta'aziyyar kawuna. Yaron da ke hannuna a lokacin, mai ƙwazo ne kamar kai kuma mai gaggawa kamar kai, ya buɗe kwali don ya burge ni in dawo in tarar da aiki ya yi nisa. Ya ɗauko wayar SATA zai cusa, ta ƙi shiga. Bakin diskin SATA kashi biyu ne, haƙora 7 na bayanai da haƙora 15 na wuta, da fili a tsakaninsu. Waɗannan kuwa SAS ne, irin diskin saba, bakinsu daga nesa kamar na SATA sak, sai dai filin nan na tsakiya a cike yake da wata 'yar gada ta roba, wadda a bayanta akwai ƙarin haƙora 7 na hanya ta biyu, jimilla 29 maimakon 22. An sa gadar nan da gangan ne don kada wani ya cusa wayar da ba tasa ba. Yaron ya ɗauka kuskuren masana'anta ne, ya samo reza da zarto ƙarami, ya zauna ya yanke gadar a diski huɗu ɗaya bayan ɗaya. Wayar ta shiga, diskin ya tashi yana kuka kamar injin niƙa, BIOS kuma bai ga komai ba, kamar dai yadda naka bai gani ba jiya.

Da na dawo na ɗauki ɗaya na juya, kallo ɗaya na yi wa takardarsa na ga SAS da 15K, wato juyi 15,000, sai na nemi wuri na zauna. Katin SAS yana iya tuƙa diskin SATA, amma katmer mai SATA ba za ta taɓa tuƙa diskin SAS ba, ko ka yanke roba ko ka sayi adafta ta kowane irin kuɗi, domin adafta siffar baki kawai take sauyawa. Mafita ɗaya ita ce a sayi katin SAS a sa wa kowace kwamfuta, kati 12 ke nan waɗanda kuɗinsu ya fi na diskin, kuma ko an yi haka, diskin da aka ƙera don ɗaki mai sanyi da fanka masu ƙarfi ba zai rayu cikin ƙaramin akwati a zafin Garwa na watan Afrilu ba, lokacin da awon zafi yake haura digiri 40.

Na je wurin mutumin da kwalin a hannuna. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, ni ɗan kasuwa ne, kai ne masanin kwamfuta. Kai ka yi magana da shi, kai ka ga hoto, kai ka aika kuɗi." Ƙanen kuwa daga ranar wayarsa ba ta sake shiga ba. Muka kai magana gaban dattawan layinmu, suka juya diskin nan huɗu da aka yanka a hannunsu, suka ce kayan da aka taɓa da reza ba ya komawa, kuma tunda kwali ɗaya ne ciniki ɗaya ne, sauran takwas ɗin ma sun zauna a wuyana. Ban ga laifin dattawan ba, da abin da suka gani suka yi hukunci. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, washegari mutumin ya turo mota aka kwashe kwamfutocinsa 12 aka kai wa wani, bayan na kwana uku ina wanke ƙurar cikinsu ina sauya musu man sanyaya farfesa, wato ƙwaƙwalwar injin, bai ba ni ko dala ba. Kuɗin RAM da na karɓo bashi kuwa mai shi yana jira, dole na sayar da babur ɗina na biya, na koma tafiya a ƙasa daga gida zuwa kasuwa har kusan shekara.

Bayan wata shida na je Marwa sayen kaya, muna hira da wani abokin sana'a na ba shi labari. Ya tambaye ni kamannin kwalin, na gaya masa, sai ya ce ai an kawo masa tallan wannan kwali tun kafin ni, kuma mutumin nan da kansa ya kira shi. Abokin nawa ya nemi a turo masa hoton bakin diski da lambar samfurinsa, da ya gani ya ce musu SAS ne, ba ya so, ya ma yi musu bayanin dalili. Ashe ranar da mutumin ya zauna a bencina yana cewa kada in wahalar da kaina, ya san abin da ke cikin kwalin, wanda zai ɗora wa kawai yake nema. Takwas ɗin da ba a yanka ba na sayar wa wani mai kula da saba daga Injamena a kan abin da bai kai rubu'in kuɗinsu ba. Uku na zubar. Ɗaya shi ne ƙarfen nan mai nauyi da kuke danne rasit da shi a kan tebur, wanda ban taɓa ganin ɗayanku ya juya shi ya tambayi me ya sami bakinsa ba.

Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane, kuma a sana'ar nan masu kama da juna suna da yawa. Ramin mSATA na tsofaffin laftof da ramin katin Wi-Fi na mini PCIe siffarsu ɗaya ce tak, diskin zai shiga ya zauna, amma in ba a ja wa ramin layin SATA ba aikin banza ne. Ɗan gajeren ramin M.2 da katin Wi-Fi yake zama a sababbin laftof shi ma ba na diski ba ne. Wasu katmer na tebur in ka sa M.2 na SATA sai su kashe ɗaya ko biyu daga cikin ramukan SATA na waya, domin layi ɗaya suke rabawa, sai mai kaya ya dawo yana ihu cewa ka ɓatar masa da tsohon diskinsa alhali waya kawai za ka matsar zuwa wani rami. Wannan a rubuce yake cikin littafin katmer, amma ku yaran yanzu ba ku karanta littafi, sai ku buɗe YouTube ku kalli wani Bature yana gyara injin da ba irin naku ba, ku kwaikwayi hannunsa ba tare da kun san dalilinsa ba, ga kuma kowa yana ɗokin ya shekara biyu ya buɗe shagon kansa.

Na san abin da ya lalata ku, SATA ce ta shagwaɓa ku. Tun fitowarta a 2003 da gigabit 1.5 a daƙiƙa, ta koma 3 a 2004, ta koma 6 a 2009, bakinta bai sauya ba, kuma sabon diski yana aiki a tsohuwar katmer, sai dai ya rage gudu ya bi nata. A nan kaɗai ne shiga take kusan zama daidai da aiki, sai kuka ɗauka haka duniya take. Mu da muka koyi aiki a kan IDE, wayar diski ta kafin SATA, ba mu taso da wannan tunani ba. Waya ce mai faɗi kamar ɗamara, bakinta rami 40, diski biyu a waya ɗaya, kuma sai ka zauna da hantsaki ka matsar da 'yar jampa ka nuna wane ne babba wane ne ƙarami, in ka yi kuskure duka biyun su ɓace. Jan layin gefen waya dole ya bi haƙori na ɗaya. In kana son cikakken gudu sai ka nemi mai zare 80, kuma duk ƙoƙarinta ba ta wuce megabayit 133 a daƙiƙa. Tsofaffin BIOS ba sa ganin abin da ya haura gigabayit 137, diskin IDE na laftof kuma haƙora 44 gare shi domin wutarsa ta cikin bakin take biyowa. Har yanzu irin waɗannan injina suna zuwa mana daga makarantu da ofisoshin ƙauye, don haka kada ka ce zamaninsu ya wuce.

Wuta ita ce ba ta yafiya, domin kuskuren wayar bayanai ɓata lokaci yake yi, kuskuren wayar wuta kuwa hayaƙi yake fitarwa. Rawaya bolt 12 ce, ja bolt 5, baƙaƙe ƙasa. Babban diski na inci 3.5 yana cin duka biyun, ƙarami na inci 2.5 bolt 5 kaɗai yake so. Tsohon bakin nan fari mai rami huɗu an sare masa kusurwa biyu don kada ya shiga a juye, amma na ga ƙarti sun danna shi da ƙarfi har ya shiga, bolt 12 ta bi hanyar bolt 5, allon diskin ya ƙone nan take da hotunan bikin mutane a ciki. Akwatunan wutar nan na zamani da ake cire musu waya kuma, kada ka kuskura ka ɗauki wayar wani ka sa wa wani don ka ga bakin ya yi daidai, kowane kamfani da yadda yake jera wutarsa a ɓangaren akwati.

Akwai kuma lokacin da rami daidai ne, yare daidai ne, amma saitin BIOS ne ya tsaya a hanya. Diskin da ya haura terabayit 2 in ka tsara shi da MBR, tsohon tsarin raba diski, sauran filin ya tafi a banza, sai da sabon tsarin GPT, kuma in daga kansa Windows zai tashi sai katmer mai UEFI, wato sabon BIOS. Tsohuwar katmer da ta girmi NVMe, ko ka ɗora diskin NVMe a kan kati ka sa a ramin PCIe, Windows zai iya ganinsa a matsayin ma'aji amma injin ba zai tashi daga kansa ba. Windows 7 bai zo da direban NVMe ba, wato manhajar da ke sa ya gane irin wannan diski, daga 8.1 ne aka sa shi ciki. In ka sauya saitin SATA daga tsohon yanayin IDE zuwa sabon yanayin AHCI bayan an riga an ɗora Windows, shuɗin allo za ka gani. Sababbin laftof masu farfesan Intel zubi na 11 zuwa sama kuma sau da yawa wajen ɗora Windows sai ya ce babu diski, alhali wani saiti ne da ake kira VMD a kunne, ko ka kashe shi a BIOS ko ka ba shi direbansa a filasha. Yaro nawa ne a layin nan suka ce wa mutane diskinsu ya mutu saboda wannan kaɗai, suka sa su asarar kuɗi?

Game da ɗalibin nan, ka cire masa diskinsa a hankali, ka mayar cikin robarsa da kwalinsa ba tare da ka ɓare takardar jikinsa ba, domin mai shago ya samu hujjar karɓa. In kana so ka nuna masa lafiyarsa lau, ka sa shi a akwatin USB baƙi na aljihun tebur na hagu, shi ne na SATA, farin na NVMe ne kuma ba zai gan shi ba. Ka rubuta masa a takarda da hannunka: M.2, NVMe, 2280, ka ƙara masa da cewa ya nemi wanda ƙwayoyin ajiyarsa suke a fuska ɗaya ta allon domin laftof ɗin siriri ne. Ka karɓi kuɗin dubawa, kada ka ce masa kyauta ne don kunya. Daga yau kuma ba a aika ko sefa ɗaya don sayen diski da sunan shagona sai an rubuta lambar samfurin katmer da ta diskin a littafi, an ga hoton bakinsa kusa-kusa, na sa hannu, ko da mai tallan limamin unguwarku ne. Gobe ka zo kafin ƙarfe takwas, ka ɗauko ƙarfen nan da ke kan rasit da wani diskin SATA daga cikin kwandon matattu, ka ajiye su baki da baki a kan benci, ina so in same ka kana ƙirga haƙoransu.